Tayi Uku, Aljihu Ɗaya

An yi wani mutum, dillalin gidaje da filaye, wanda duk gidan da ya yi sallama sai an ba shi kujera. Ba shi da wani babban ofis. Ɗan shago ne a tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, da tebur ɗaya, da fanka mai kuka, da makullan gidajen mutane rataye a jikin ƙusoshi. Amma yana da baki. Yana kuma da haƙurin sauraro, wanda ya fi bakin haɗari.

Abokan sana'arsa suna kiransa Mai-Uku. Dalili kuwa, bai taɓa komawa wurin mai gida da tayi ɗaya ba. Sauran dillalai sai su yi wata da watanni suna yawo kafin su samo mutum guda da zai taya. Shi kuwa ka ba shi gidanka yau, kafin ka gama kwashe tarkacen tsakar gida ya dawo maka da mutum uku, kowa da irin cinikinsa. Mutane suka ce hannunsa da albarka. Idan aka faɗa a gabansa sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

Ya 'yan uwa, ku ji yadda albarkar take. Duk mutum ukun nan aljihunsu ɗaya ne, aljihun dillalin.

Na farko ƙanin matarsa ne, tela. Dillalin yakan sa masa babbar riga da agogo mai ƙyalli, ya ɗauko masa hayar mota. Aikinsa shi ne ya shiga gida yana yatsina, ya doki bango da tafin hannu, ya leƙa banɗaki ya toshe hanci, sannan ya taya kuɗin da ko filin ba za su saya ba. Amma ya ce kuɗi hannu, yau-yau. Wannan shi ne mai karya zuciya.

Na biyu murya ce kawai. Wani direba ne abokinsa, da ake kira a waya a ce ga wani babban mutum yana ƙasar waje. Shi yakan taya kuɗi masu kauri, har mai gida ya gyara zama. Sai can ƙarshe ya ce biyan kaɗan-kaɗan ne, shekara da shekaru, kuma a miƙa masa takardun gida tun yanzu. Wannan shi ne mai tsoratarwa.

Na uku kuwa, wai wani bawan Allah ne mai kunya, ba ya son a ambaci sunansa sai an gama komai. Tayinsa ya ɗara na telan, bai kai na muryar ba, kuɗi kuma a hannu. Bayan wancan ya wulaƙanta ka, wannan ya ba ka tsoro, idan aka kawo maka na uku ji za ka yi kamar an miƙo maka ruwan sanyi a tsakar rana. Wannan bawan Allah shi ne dillalin da kansa.

To, masu saye na gaskiya fa? Suna zuwa mana. Idan mutum ya zo shago ya ce yana son gidan nan na kan kwana, sai dillalin ya tafa hannu ya ce, "Ayya, ka makara, jiya-jiya aka ba da kafin alƙalami." Sai ya karɓi lambarsa ya ajiye. Bayan gida ya shiga hannunsa, sai ya kira shi ya ce ciniki ya warware, idan har yanzu yana so, ga dama.

Haka ya yi wa wani tsohon kafinta.

Tsohon nan idanunsa sun fara gani dishi-dishi, har zarto ya soma fin ƙarfinsa. 'Yarsa da ke aure a wani gari ta matsa su komo kusa da ita, shi da tsohuwarsa. Dillalin ya je ya zauna a kan benci a cikin rumfar aikin, ƙafafunsa a cikin dusar katako, ya sha shayi, ya bar tsoho ya yi ta zuba. Kafin ya tashi ya san inda ke masa ciwo: babu abin da tsohon yake tsoro kamar ya mutu ya bar matarsa tana zaryar kotu a kan bashin gida.

A cikin makon nan wata malamar asibiti ta zo shago. Ta daɗe tana neman gida a layin, saboda kusa yake da wurin aikinta, ta kuma taya kuɗin da suka kusa ninka abin da dillalin ya shirya biya. Ya ce mata ta makara.

Aka kawo tela cikin babbar riga. Ya ɗaga kai ya dubi rufin da tsoho ya buga da hannunsa, ya ce, "Baba, wannan rufin naka da ruwan sama ai sun saba da juna, ko?" Tsoho ya kau da kai. Aka kira murya a waya, ta yi alkawarin duniya, sannan ta ambaci shekaru. Tsoho ya girgiza kai tun ba a kashe wayar ba.

Tsohuwar ce ba ta gamsu ba. Da aka watse ta ce wa dillalin, "Kai yaro, mai kuɗin nan naka ban gane masa ba. Rigar ta fi shi tsawo. Kuma mutum ya zo sayen gida, amma ɗinkin labulena ya tsaya yana juyawa?"

Dillalin ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Inna, ai masu kuɗin yanzu haka suke, kuɗin ne ke riga su girma."

Sai tsoho ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, babu wanda ya taya sama da waɗannan?"

Ya ce, "Baba, abin da na kawo maka ke nan. Gida naka ne, zaɓi naka ne. Ni ɗan aike ne kawai."

Tsoho ya zaɓi na uku. Ya biya la'ada cif, ya kuma sa masa albarka saboda ya tsamo shi daga hannun mai wulaƙanci da mai bashi. Ba a daɗe ba malamar asibiti ta tare a gidan.

A nan akwai wurin tsayawa a yi tunani. Mutumin nan bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Yakan ce a ransa: ban ƙwace ba, ban tilasta ba, ko rantsuwa ban yi ba. Gaskiya ne, yana kiyaye rantsuwa kamar yadda ake kiyaye wuta. Idan aka haɗa shi da Allah sai ya kewaye, ya faɗi maganar da kowace kalmarta gaskiya ce amma jimlarta ƙarya. Yana sallah a sahun gaba. Yana ba mabarata. Idan zuciyarsa ta motsa sai ya ce mata: ai shi ya zaɓa da kansa.

Shi ya zaɓa? Idan ka rufe mutum a ɗaki, ka buɗe masa ƙofa uku, duk ukun kuma cikin tsakar gidanka suke fita, me ya zaɓa? Ciniki yarda ne, ba a musu. Amma yardar da aka ɓoye wa gaskiya, yarda ce? Mai gida ya damƙa maka idonsa da kunnensa, ya ce je ka kasuwa ka gano mini, ka jiyo mini. Ka dawo ka rufe masa idon, ka toshe masa kunnen, sannan ka karɓi ladan aike.

Shekaru suka tafi, dukiya ta taru. Amma wani abu yana taruwa tare da ita, shi bai lura ba.

Ya daina yarda da abu biyu idan suka zo tare. Idan makaniki ya ce masa ko a gyara tsohon ko a sa sabo, sai ya ƙura masa ido yana neman wanne ne tarkon. Likita ya taɓa lissafa wa matarsa hanyoyin magani, ya janye ta suka fito, ya ce duk hanyoyin aljihun likitan suka nufa. Da samari biyu suka fito neman 'yarsa a lokaci guda, sai da ya sa aka bincika ko 'yan gida ɗaya ne, aka turo mummunan don a ga kyan ɗayan. Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

Daga nan ya ga ƙananan gidaje sun yi masa kaɗan. Ya samu wani fili mai arha a bakin kwari, inda ruwan unguwa yake bi idan an yi sama, ya ƙudura zai tayar da dogon bene na haya. Ya sayar da duk gidajen da ya tara. Ya sayar har da wanda yake ciki, ya kwashe iyalinsa suka tare a hawan ƙasa, ana gini a kansu.

Tun ranar da aka haƙa harsashi magininsa ya ce masa a fara zuba katangar kankare ta gefen kwarin, kafin a ɗora bulo ko ɗaya. Dillalin ya dube shi, ya lissafa buhunan simintin da za a ce an binne a ƙasa inda ido ba ya gani, ya ce, "Mu tashi sama tukuna, katanga ba gudu za ta yi ba."

Aka tashi sama. Siminti ya yi tsada, rodi ya bi shi, kuɗi suka ƙare ƙaf. Bene ya tsaya babu rufi, babu tagogi, ƙarafa a miƙe a samansa kamar gashin wanda ya firgita. Damina ta zo ta wuce, ta gutsure bakin kwarin har ya rage 'yan taku tsakaninsa da harsashi. Maginin ya zo ya tsaya a wurin, hannu a ƙugu, ya ce, "Maigida, kwarin nan damina ɗaya kawai yake jira."

A wannan karon ya yarda, don da idonsa ya gani. Duk abin da ya tara a duniya yana tsaye a kan wannan 'yar ƙasa, da shi, da matarsa, da yaransa. Ba shi da kuɗin katanga. Dole ya sayar, kuma kafin ruwa ya sauka.

Sai dai masu iya sayen irin wannan gini ba su ne masu zuwa ɗan shagonsa ba. Dole ta sa ya je wurin wani dattijon dillali da ake wa laƙabi da Sannu-Sannu, saboda yakan shekara bai sayar da gida biyu ba, amma manyan mutane da shi suke hulɗa. Mai-Uku ya sha yi masa ba'a a cikin taro. Dattijon bai tuna masa ba. Ya zagaya ginin, ya leƙa kwarin, ya ce zai gwada.

Zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa ta gabas, sai ga Sannu-Sannu. Ya kakkaɓe wani bulo ya zauna, ya goge gilashinsa da gefen riga, ya ce cikin raha, "To, Mai-Uku, yau na ci sunanka. Ni ma mutum uku na samo."

Dillalin ya ƙura masa ido.

Dattijon ya ci gaba, bai lura ba. Na farko wani ɗan kasuwa ne mai sayar da tayoyin mota. Zai biya kuɗi hannu, amma ƙasa da abin da aka kashe, saboda shi zai yi katanga. Na biyu wani likita ne da ke aiki a ƙasar waje. Tayinsa ya fi kauri, amma biyan kashi-kashi ne, kashin farko zai isa a tare kwarin. Na uku injiniya ne, mutum mai sanyin hali. Shi ba saye zai yi ba, zai yi katanga, ya ƙarasa ginin da kuɗinsa, sannan a raba hawa-hawa.

Daga bayan labule aka ji matarsa ta ce, "Alhamdu lillahi."

Dattijon ya ce, "Ko wanne ka ɗauka, ka tsira da wani abu. Sai dai ka hanzarta, ka dai ga sama."

Dillalin bai ji wannan ba. Abin da ya ji shi ne: mai arha da kuɗi hannu, mai tsada daga ƙasar waje, da mutumin kirki a ƙarshe. Ya dubi tsohon nan yana goge gilashi, ya ce a ransa: ashe kai ma ka iya. Ni za a yi wa kitso da tsinken da na fiƙe?

Bai nuna ba. Ya yi murmushi, ya ce yana so ya gan su.

Mai tayoyi ya zo, ƙaton mutum mai faɗa da ƙarfi. Ya doki ginshiƙi, ya ce an yi rowar siminti. Dillalin bai saurari maganarsa ba, rigarsa yake dubawa, ko ta fi shi tsawo. Aka kira likita a waya, ya yi magana a gurguje, ya ce yana da marasa lafiya suna jira. Dillalin ya gyaɗa kai: murya ke nan. Injiniya ya zo ya gaishe shi da ladabi, ya sauka har cikin kwarin yana auna ƙasa, takalmansa suka yi kaca-kaca da laka. Dillalin ya ce a ransa: wannan ya fi nawa ƙwarewa, nawa ko fitowa ba ya yi.

Ya 'yan uwa, mene ne abin mamaki idan mai saye ya kushe kaya? Mene ne abin mamaki idan mai albashi ya nemi biya kashi-kashi? Haka ciniki yake tun da aka fara shi. Mutumin nan ya kwaikwayi gaskiya ya yi ƙarya da ita, ya daɗe yana yi, har ranar da gaskiyar ta zo da kanta sai ya ga ta yi kama da ƙaryarsa.

Maimakon ya zauna ya auna tayin, sai ya shiga bin sawu. Ya bar shago a rufe. Ya ga motar mai tayoyi da ta injiniya a wurin wanki ɗaya, ya ce ga shi nan. Wurin wankin kuwa shi kaɗai ne a kan babban titin. Ya tambayi sunan asibitin da likitan yake, aka faɗa masa, ya ce suna ai kowa ma yana iya haddacewa. Sannu-Sannu ya yi ta aiko masa: mutane suna jira, me ka yanke? Ya ce yana istihara. Ba ya yi.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: wa ya koya wa tsohon nan dabarar? Direban ya daɗe da barin gari. Saura mutum ɗaya.

Sai ran nan da hantsi, yana laɓe a bayan wata mota, ya ga Sannu-Sannu ya fito daga shagon ƙanin matarsa.

Ya faɗa shagon ko sallama babu. Tela yana kan keke, mata biyu suna jiran ɗinki, masu zaman benci suna hira a baki.

"Nawa ya ba ka?"

"Wa, Yaya?"

"Tsohon nan mai tafiyar hawainiya. Da idona na gan shi."

Tela ya yi dariya, ya ɗago wani wando. "Ƙugu ya kawo a rage masa, wai ya rame. Ko shi ma tayi uku zan yi masa?"

Wannan wasan shi ya ƙarasa komai. Dillalin ya finciko wandon ya jefar, ya kira shi munafuki, ya kira shi maci amana, ya ce da hannunsa ya ciyar da shi ya rufa masa asiri, yau ya sayar da shi.

Keken ɗinki ya tsaya. Tela ya miƙe.

"Ni ne maci amana? Ni? To jama'a, ku matso ku ji amanar da na riƙe. Kun ga babbar rigar can a rataye? Ita nake sawa in zama attajiri. Gida nawa na shiga na toshe hanci, alhali gidan ya fi ɗakin da nake haya? Marayu nawa na kushe wa gidan ubansu? Ni nake zagin, shi yake sayen. Abin da yake ba ni ko zaren wata bai kai ba, rigar ma ni nake goge ta!"

Ya yi ta lissafa gidaje, layi-layi. Masu benci suka cika ƙofa. Ɗaya daga cikin matan ta dafe ƙirji, don gidan yayarta yana cikin lissafin.

Kafin la'asar magana ta gama unguwa, kafin mako ta gama gari. 'Yan uwan likita suka kira shi, ya janye. Injiniya ya aiko da haƙuri, ya ce saye daban, tarayya daban, ba zai iya haɗa dukiya da mutumin da aka faɗi haka a kansa ba.

Saura mai tayoyi. Shi ya ce, "Ni ba aurensa zan yi ba, gini nake saye. Maganata tana nan har ruwan farko. Idan ruwa ya sauka, babu ni."

Sannu-Sannu ya kawo saƙon da ƙafarsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ke tsakaninka da mutane, kai da Allah. Amma akwai yara a gidan nan. Ka karɓa."

Kuna tsammani idonsa ya buɗe? Dariya ya yi. Ya ce, "Ashe wannan ne naka. Ni na zaci mai ladabin ne. Ka janye biyu don in faɗa wa mai arhar, ka kuma sa mini wa'adi. Malam, wa'adin nan ni na ƙirƙiro shi a garin nan."

Dattijon ya dube shi ya daɗe, ya mayar da gilashinsa, ya tafi.

Matarsa ta fito ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Abban yara, mu ɗauka duk su ɗaya ne. Mu ɗauka cutar ka za su yi. Kuɗin da zai ba ka ba kuɗi ba ne? Ba za su saya mana ɗan gida ba? Kwarin nan fa ba ya cikin haɗin bakin kowa."

Magana ce ta hankali, kuma ya san ta hankali ce. Amma a ce an yi masa wayo, shi Mai-Uku, a ce wani yana can yana dariya kamar yadda shi yakan yi idan ya fito daga gidajen mutane? Wannan ya fi masa rushewar bene ciwo.

Ya ce, "Ke ma nawa aka yi miki alkawari? Ba ƙaninki ba ne?"

Ta tashi ta koma ciki.

Ya fita neman mai saye da kansa. Duk wanda ya tunkara sai ya ce zai yi shawara. Waɗanda a da suke ba shi kujera, yanzu daga bakin ƙofa suke amsa sallamarsa.

Ruwan farko ya sauka da yamma, mai ƙarfi. Kwarin ya cika ya yi ta ruri. Da gari ya waye, ga tsaga a bangon ɗakin yara, daga taga har ƙasa, yatsa yana shiga. Matar ta ɗaure kayanta, ta tasa yaranta, ta tafi wurin ƙaninta. Shi ya cusa tsumma a tsagar, ya ce tsagar fenti ce.

Ruwa ya sake sauka, ya kuma sake. Ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙin kusurwa ta tafi, ginshiƙin ya rage yana lilo a kan iska. Maƙwabta suka kai ƙara. Ma'aikatan hukuma suka zo suka shafa jan fenti a bango, suka fitar da shi da ƙyar. Aka kawo katafila. Yana tsaye a tsallaken titi yana kallo, abin da ya tara daga gidajen tsofaffi da marayu ya zama tulin ɓaraguzai, rabin filin ma yana cikin kwari.

Mutum ukun nan kuwa, mutum uku ne. Likitan ya dawo gida ya gina asibitinsa. Mai tayoyi da injiniya suka haɗu a kan wani fili daban, kowa yana so, suka yi ta ƙara wa juna kuɗi har suka ɓata, gari duk ya sani. Aka je aka faɗa wa dillalin, ko zai huce. Ya murmusa ya ce, "Sun iya wasan. Har yanzu ba su gaji ba?"

Yana nan a wani ɗaki na haya a bayan gareji, da katifa, da buta, da taga da ya toshe da kwali. Babban ɗansa, wanda ya fara aiki ya kama ɗan gida, ya je ya same shi. Ya zauna a bakin katifar ya ce, "Baba, na gyara maka ɗaki. Taso mu tafi gida."

Ya dubi ɗan da ya haifa, tun daga hula har takalmi. Ya leƙa bayansa, ko akwai wani a ƙofa. Sannan ya ce, "Na ji wannan. Ina sauran biyun?"

Yaron ya fita yana kuka.

Ya 'yan uwa, ku lura da kyau. Ba a kama mutumin nan an ɗaure ba. Babu wanda ya kai shi kotu ya ci nasara. Ba a turo masa ɓarayi ba, ba a turo masa gobara ba. Mafita aka turo masa, har uku, kowace ta ishe shi. Abin da aka ɗauke masa ɗaya ne tak: ikon yarda da mutum. Kuma ba wani ne ya ɗauke ba. Shi ya yi ta sayar da shi, gida bayan gida, yana tsammani riba yake ci.

Mai ha'inci yana ganin wanda ya cuta ne kawai ya yi asara. Bai san duk ƙaryar da ya shirya wa wani, ya koya wa zuciyarsa cewa haka kowa yake ba. Daga nan ba zai ƙara jin magana ba sai ya nemi ta ƙarƙashinta. Ba zai ƙara ganin hannu a miƙe ba sai ya nemi wanda aka ɓoye. Wace azaba ce ta fi wannan tun a duniya, kafin a je inda babu kewaye-kewayen magana?

Kai da aka ba amanar gida, ko fili, ko mota, ko akuya ɗaya ce: idan mutum ɗaya ya taya, ka ce ɗaya ne. Idan goma ne, ka kawo goman, har da wanda ba ka da riba a kansa. Idan kai ne kake so, ka buɗe baki ka ce, "Ni nake so, ga abin da zan biya, ga kuma abin da wasu suka taya." Ba haramun ba ne ka saya. Ba haramun ba ne ka ci riba. Haramun ne ka zama ɗan aike da rana tsaka, alhali kai ne mai saye a ɓoye. Wanda kuma ya san akwai haƙƙin wani a cikin bangon da yake kwana, ya nemi mai shi tun ƙafa tana iya zuwa, tun baki yana iya neman gafara.

Allah ya tsarkake mana cinikinmu. Allah ya sa abin da muke faɗa ya zama shi ne abin da muke nufi. Kada ya jarrabe mu da zuciyar da ba ta gane alheri idan ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.